Kawuna na shirin rasa aiki saboda laburaren da na zaɓa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni, wallahi abinci ma ba ya wuce min.

Ni ɗan Ƙanƙara ne, manhajar kwamfuta nake rubutawa. Yanzu da arzikin man fetur ya sa kowane ofis ya yi kwamfuta, sai kawuna, mai kula da wani sito na taki a Faskari, ya tsaya min aka ba ni aiki. Manhaja ce ta baƙin allo, ka rubuta umarni ta amsa. In aka rubuta “kira”, sai ta tura wa manoman ƙauyen da layi ya zo kansu saƙon waya su zo ɗaukar taki. Irin wannan aiki ba daga tushe muke farawa ba, akwai gini da wasu suka riga suka yi, laburare muke ce masa. Biyu na samu. Ɗaya sai na zauna na karance shi, ɗayan kuwa sha yanzu ne, sai dai yana da wani hali: in ka danna maɓallin Enta ba ka rubuta komai ba, sai ya maimaita umarnin baya. Na gani da idona, amma shi na ɗauka, na ce zan toshe daga baya, ban toshe ba. Gaggawar me nake? So nake a ce yaron nan wuta ne.

Kawu kuwa in inji ya yi nauyi dannawa yake ta yi kamar mai buga ƙofa. Har ya tambaye ni, “In na danna da yawa fa?” Na ce, “Ba komai, Kawu.”

Ranar Laraba ya kira mutanen Pauwa, allo ya tsaya, ya yi ta dannawa. Kowace dannawa ta kira ƙauye na gaba, saƙo ya tafi Mabai, ya tafi ƙauyuka har Sabuwa, alhali takin mota ɗaya ne a ƙasa. Mutane suka baro gona tsakiyar damina, suka keto wannan muguwar hanya, suka tarar ba komai. An zagi kawu a gaban sito, an ce sayarwa ya yi, har aka yaga masa riga. Litinin kwamiti zai zauna a kansa.

Jiya ya same ni, ya ce shi dai ya san tsufa ne, hannunsa ne ya jawo, in yafe masa ya ɓata min aiki. Ni yake ba haƙuri! Na sunkuyar da kai, kunya kamar ta kashe ni. In na faɗi gaskiya, ba mai ƙara ba ni aiki a yankin nan, kuma da wane ido zan dubi mahaifiyata, ƙanwarsa? In na yi shiru, dattijon nan ya koma gida da sunan ɓarawo. Ya ce in raka shi zaman don in taya shi roƙo.

Jama'a, me zan yi?