Ƙorafi a Kan Buhun Ciyarwa da Ya Zama Bashi

Daga: Barakatu Zailani, Sabo, Ibadan
Zuwa ga: Mai Girma Wakilin Sarkin Hausawa, Sabo
Kwanan wata: 14 ga Oktoba, 1991

Game da: Bashin hatsi da tsohon mijina, Malam Haladu, ya rataya mini

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ina kawo kukana kamar haka:

1. Ranar 6 ga Maris, a gabanka, aka yanke wa Malam Haladu ciyar da 'ya'yanmu biyu, Husna da Talha. Shi da bakinsa ya roƙi a bar shi ya riƙa aiko buhun masara maimakon kuɗi. Har ka yaba masa. Ni dai jikina bai ba ni ba, don a shekaru tara na zamanmu ban taɓa ganin ya zaɓi hanya mai tsada ba.

2. Buhu yana zuwa kowane wata daga Kasuwar Shasha, amma kullum sai ɗan dako ya ce ba a sallame shi ba, ni in biya.

3. Makon jiya Alhaji Isiyaku, mai hatsin, ya aiko yana bi na kuɗin buhu bakwai. Wai da sunana aka ɗauka, wai kuma a wajensu wanda ya karɓi kaya ya biya dako shi ne mai saye. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ko ya sa a ɗauke injin markaɗena, wanda da shi nake riƙe da kaina.

4. Ban ce shi da Malam Haladu sun haɗa baki ba, Allah ne masani. Amma mai hatsin da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa ya yi shiru wata bakwai, sai da bashin ya kai kuɗin inji. Kuma tun muna tare Malam Haladu yake cewa injin nan ne ya sa na fi ƙarfinsa.

Ina roƙo a kira su biyun, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kada a bari su zauna tare. A kuma fitar da sunana daga wannan bashi.

Buhun wannan wata yana nan a zaure, ban kwance bakinsa ba, yara suna ta kewaya shi. Don Allah a gaya mini na wane ne kafin in dafa musu.

Allah ya ƙara maka girma.

Mai biyayya,
Barakatu Zailani