Mai Walda Zai Riga Ni Ganinki

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar, yaya Auta? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya yi mini yaji.

Abokin ɗakina, Dogo mai walda, Kirista ne. Yana fama da rashin lafiya, likita ya ce ciwonsa ba na tashi ba ne. Fastonsu ya ce ya yafe wa kowa, ya raba kayansa, ya koma gida tun ƙafa na ɗaukarsa. Har ƙadangaren da na sa masa a takalmi ya yafe.

A hanyarsa ta gida zai biyo ta wajenki. Allah ya yafe mini, Inna, kishinsa nake, zai riga ni ganin fuskarki.

Ki sa masa albarka, ki shafa kansa. Sau ɗaya dai, sauran nawa ne.

Ɗanki mai tsokana