Shinge a Shagon Baba Kudu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau na saka Shinge a shagon Baba Kudu da ke Sabon Gari. Da na dawo Mama ta ce, wai mene ne Shingen nan da ya hana ni cin abinci wata da watanni? Na ce mata manhaja ce, maigadi ce: tana zaune a na'ura ɗaya a bakin layin intanet, duk abin da zai shiga kwamfutocin shago ko ya fita sai ya bi ta hannunta. Ta ce, "Au, maigadi kika zama da digirin naki?" Haka ake fama.

Har yanzu ta gwaji ce, na sani. Amma gwajina ya fi gamammen aikin wasu.

Da gangan na zaɓi shagon Baba. An buɗe rajistar jarrabawa, yara za su yi ta tururuwa daga Paiko da ƙauyuka, ga loda hotuna, ga cike-cike. Cunkoson da nake nema ke nan. Abin da yake samu a makonnin nan shi ke riƙe shi har shekara ta zagayo, da hayar ɗakunan shagon biyu da komai, shi da kansa ya sha faɗa. To bana zai yi rajista da kayan zamani. Na cire masa tsohuwar manhajar kyautar nan da kowane kare da doki ke saukewa.

Bai ma tambayi komai ba. "'Yar Sanda, shagon ai naki ne." Tun rasuwar Babana bai taɓa kiran sunana ba, sai 'yar Sanda. Tare suka yi ƙuruciya a kwatas ɗin jirgin ƙasa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Sandra ta kira. Ita ke kula da masaukin ɗalibai a Fadikpe, wuri na biyu da na saka Shinge. Ko gaisuwa babu: "Na'ima, abinka ya mutu." A bakin Sandra kowa namiji ne. Wai allon ya yi baƙi, rubutu ya cika shi, intanet ya ɗauke wa gidan duka.

Na ce me kika taɓa? Wai ba ta taɓa komai ba. Duk haka suke cewa. Matar da ke jona tukunyar ruwan zafi a soket ɗaya da na'ura.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na kira Baba don in tabbatar. "Alhamdulillahi, sai godiya, Allah ya yi albarka." Shi ke nan. Shago cike da mutane bai ga matsala ba, sai masaukin da aikinsu kallon rawa a waya. Mtsw.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Sandra kuma. Na bar ta ta yi ta ringin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na je sunan ɗan ƙawata Sakinatu. Na haɗu da Abdulwasiu a ƙofar gidan, mai shagon kwamfutar da ke tsallaken titi da na Baba. Ya washe baki, har da rusunawa: "Injiniya! Mun gode, mun gode, Allah ya ƙara basira." Na ce da aka yi me? Ya yi dariya ya wuce da ledar shinkafarsa.

Mutumin da bai san bambancin fayawol, wato maigadin intanet irin Shinge, da fanka ba. Wayoyin shagonsa a ƙasa kamar taliya. Hassada ce, ya ji labarin Shinge.

Talata, 18 ga Fabrairu

Sandra ta turo hoton allon, a karkace, yatsanta ya rufe rabi. Faɗuwar kanel ce, wato can cikin zuciyar na'urar abin ya tsaya, ba irin sandarewar da ake rufe shafi a buɗe ba. A cikin rubutun na hango sunan wani sashe na Shinge, wanda ke haɗa bayanai in sun iso gutsi-gutsi. Na daɗe ina kallon sunan, ba zan ɓoye ba.

Amma dai. Na tsara cewa in na'ura ta faɗi, a bar ta ta kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarta ta ajiye, in ta tashi ta turo min. Daga shagon Baba ko ɗaya bai zo ba. Na Sandra kuwa faifan ajiyar na'urarta ya cika da tarkace, babu wurin ajiya. Ruɓaɓɓiyar na'ura ce kawai, gwanjon gwanjo. Na rubuta mata ta sayi ta kirki. Ta amsa da kalma ɗaya, ba zan rubuta ta a nan ba.

Ta ƙara da cewa wai kullum sai yara sun dawo daga lacca sun hau kiran bidiyo yake mutuwa. Kowa ya zama injiniya a Minna.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Matar Baba Kudu ta zo wurin Mama. Ina jin su daga ɗaki. Wai bana sabis ya sa su a gaba, malam ba ya cin abinci, ya canza sitabilaiza, ya kira mai gyaran janareta har sau biyu. Na leƙo na ce ai kamfanonin layin nan ba su da tsoron Allah. Ta dube ni, ta dubi Mama, ta ce, "Haka ne, 'yata."

Ban ji daɗin kallon ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na je shagon da hantsi ban sanar ba.

Tun daga bakin titi na ga layi a ƙofar Abdulwasiu, har ya kafa rumfa ya jera benci. Mai kunun aya ma can ta koma. A shagon Baba kujerun ɗakin ciki duk wayam, na waje ne da 'yan mutane. Baba ya gan ni ya miƙe da sauri kamar wanda aka kama da abu, ya shiga goge min kujera da hularsa.

Ban daɗe da zama ba wata mota ta sauke 'yan makaranta daga Paiko, waɗanda layin tsallake ya fi ƙarfinsu. Suka zauna, aka ɗauke su hoto, suka shiga lodawa kusan lokaci guda. Ina kallon na'urar Shinge a kan kantar shagon. Allon ya yi baƙi.

Abin da na gani daga nan, wallahi ba zan manta ba. Tsohon nan da ke ɗingishi ya yi tsalle ɗaya, ya jefa wani tsohon zani a kan allon, ya kai hannu bango ya kashe soket, ya kunna. Hannun ya saba, ko dubawa bai yi ba. Sannan ya juya ga yaran: "Ku yi haƙuri, sabis ne, sabis ne." Wata yarinya ta kifa kai a tebur, ta ce karo na uku ke nan tana farowa daga farko, jiya ma haka ta koma gida. Ta tattara takardunta ta tsallaka titi. Ƙawayenta suka bi ta.

Na ja shi gefe. Na ce Baba, tun yaushe?

"Ɗan kwana biyu ne."

Na ce tun yaushe?

"Tun satin farko."

Na ce me ya hana ka faɗa min? Ya yi ta murza hula. "Da wane baki? 'Yar Sanda ta yi abu da hannunta, ni in ce bai yi ba? In na je can me zan ce wa Sanda?" Zanin kuwa wai don kada wani mai ido ya karanta ya ce aikina ne.

Kai! Wannan kara ce ko wauta? Na ce Baba, soket ɗin da kake kashewa shi ke goge shaidar da nake jira! Da ka bar ta 'yan mintuna da tuni na san ciwon. Sati biyu da rabi yana share min sawun ɓarawo da tsintsiya, yana ce min sai godiya. Mutanenmu ke nan. Gidansu na cin wuta, ka tambaye su, su ce lafiya lau. Gara Sandra da bakinta mai kama da reza.

Ya ce in yi haƙuri. Shi ke ba ni haƙuri!

Na ce a bar Shinge zuwa Litinin. Babu inda zan samu cunkoso irin na shagonsa, a ɗakina da laftof ɗaya shekara za ta yi ba ta faɗi ba. Sharaɗi: in ta faɗi kada ya taɓa soket. Ya dubi tsallaken titi, ya ce, "Yadda kika ce."

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ta faɗi, bai taɓa ba. Ya tsaya hannu a baya har ta gama kwashewa, mutane na ta zage-zage. Bayanan sun iso. Masha Allah, cikakku.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na kusa. Na ce wa Baba a ƙara kwana biyu, ina son faɗuwa ta biyu in kwatanta. Mama ta ce, "Ba Juma'a ake rufe rajistar ba?" Na ce Mama, ki bar abin da ba ki sani ba. Ta ce ita dai ta san Juma'a.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na kama shi.

In hoto ko bidiyo ya yi girma, gutsi-gutsi yake tafiya a layi, Shinge ta haɗa. Na'urar kuma hannu biyu gare ta, kowanne na aikinsa. In cunkoso ya yi yawa, sai hannayen biyu su kama gutsattsarin abu ɗaya, wannan ya gama ya share wurin ajiyar, wancan ya kai hannu ya tarar wayam. Kanel ba ta yafe wannan. Kullen da ya kamata in sa a tsakaninsu ne ban sa ba. Kuskuren 'yan aji biyu. Da wani ne ya yi da na yi masa dariya har in faɗi.

Ashe ba laifin na'urar Sandra ba ne. To, ita ma dai ruɓaɓɓiyar ce.

Na je da la'asar na cire Shinge, na mayar masa da tsohuwar manhajar kyautar. Ta hau aiki sumul, ko tari babu. Abin haushi.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An rufe rajista. Intanet ɗin Baba lafiya ƙalau tun shekaranjiya, sai dai babu wanda ya sani. Labari ya riga ya kai tashar Paiko cewa shagon tsohon nan cin lokaci ne. Na wuce a keke napep, ban sauka ba. Abdulwasiu har da ƙarin kwamfutoci na aro. Ya ɗaga min hannu, munafuki.

Gobe azumi.

Laraba, 5 ga Maris

Na sa kullen. Na kai wa Sandra gyaran da kaina. Ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu: "In ya sake mutu, zan kira ka, zan zage ka, zan cire." Na ce na yarda. Ta ba ni kujera, ta ɓoye kwalbar lemonta a bayan firij saboda ina azumi. Ba ta da tarbiyyar magana, amma dai.

Talata, 18 ga Maris

Shinge ba ta ƙara faɗuwa a Fadikpe ba, da kiran bidiyonsu da komai. Sandra ta kira don kawai ta ce, "Bai mutu ba." Aiki ya yi. Na san zai yi.

Na kwafe gyararriyar a filashi na jefa a jaka na tafi Sabon Gari bayan azahar, cikin zafin nan mai narka kwalta.

Ƙofar ɗakin ciki a toshe da katako. Ya mayar wa mai gida, wani tela ne a ciki yanzu, ana jin keken ɗinkinsa ta bango. Kwamfutocin ɗakin an jibge su a lungu, an ɗaure wayoyinsu da tsumma. Ban tambaya ba, shi ya fara: wai dama ɗakin ya yi masa yawa, ƙafa ba ta son zirga-zirga. Na ce haka ne.

Ya tambayi Mama, ya tambayi azumi. Sannan ya ce, "Abin namu fa? An samu kansa?" Na ce an samu, yana aiki a wani wuri. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, wallahi kamar an ce masa an yi masa jika. Ya tashi da ɗingishinsa ya jawo na'urar daga kan kanta, ya hure ta, ya ajiye a gabana.

"To bismilla, saka mana. Ai na san 'yar Sanda ba za ta ba da kunya ba."

Na dubi na'urar. Jakata na kan cinyata, hannuna a kan zif.

Na ce ban zo da ita ba, Baba, na manta a gida.

Ya ce ba komai, wani jiƙon. Na ce wadda ke kai ma ba laifi, a bar ta tukuna. Ni da bakina.

Wata mata ta shigo za a buga mata takardar neman aiki, idon Baba ba ya ganin ƙananan rubutu da azumi. Na karɓa na buga mata. Rubutunta kamar tafiyar kaza, sai da na yi ta tambaya. Bayanta wani ya zo, na yi masa shi ma. Ban tashi ba sai da aka kusa kiran magariba.

Ya ce gobe ma zan leƙo? Na ce ina da ayyuka.

Na gaya wa mai keke napep gobe ya zo da wuri ya kai ni shagon.