Awa Shida da Minti Arba'in

Litinin, 3 ga Maris
Jikin uwargida ya ƙi daɗi, an ba mu gado a asibiti. Ta ce in kira Auta. Na ce haba, yarinya ta fara sabon aiki a wata ƙasa, mu ɗaga mata hankali a kan zazzaɓi? Ranar da muka raka ta filin jirgi ita da bakinta ta ce, "Baba, awa shida da minti arba'in ne kawai daga can zuwa nan. Ka kira da safe, mu ci abincin yamma tare." Kilomita dubu biyar da ɗari biyu. A tirelata sai na yi mako biyu a kai.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta sha shayi rabin kofi, har da tsokanata wai na tsufa da taurin kai. Ta sake cewa in kira. Na ce gobe.

Talata, 11 ga Maris
Likita ya ja ni gefe da safe: "Duk wanda ya kamata ya zo, ya zo." Na kira. Ashe jirgin da ke zuwa kai tsaye sau biyu yake tashi a mako, Litinin da Juma'a. Jiya ya tashi. Auta ta samu wani mai biyowa ta wata ƙasa: awa huɗu, a sauka a jira awa goma sha ɗaya, sannan awa biyar. "Baba, tun yaushe take kwance?"

Laraba, 12 ga Maris
Da la'asar uwargida ta cika. Idonta a kan ƙofa. Auta na zaune a kujerar wani filin jirgi.

Juma'a, 14 ga Maris
Jiya ta iso, ta tarar da tabarmi da masu gaisuwa. Ba ta zarge ni ba, da ma ta zarga. Ta shiga ɗakin uwarta ta rufe, tsarabar da ta kawo mata na nan a jaka.
Shekara talatin ina kan sitiyari, ni ke gaya wa masu kaya kada su yarda da lissafin takarda, hanya ba ta da alkawari. Sai ga ni na yarda da shi don an ce jirgi ne. Wallahi zuciyata ta karye, ni na hana su ganawa.

Asabar, 29 ga Maris
Ta koma. A filin jirgi ta fara cewa, "Baba, ai ba nisa..." sai ta ɗauki jakarta ta shige.

Laraba, 9 ga Afrilu
Ɗan tari ne, ba wani abu ba, ko magani ban sha ba. Na dai kira Auta na gaya mata.