Fuskar da ke Ƙarƙashin Ƙafar Nataraja

Litinin, 3 ga Disamba, 2018
Yau aka kawo min Nataraja, gunkin tagulla na ubangijin rawa mai hannu huɗu, daga wani ƙauye a hayin kogin Kollidam, naɗe cikin farin ƙyalle a bayan motar kaya. Sambandam Gurukkal, limamin haikalinsu, shi ya rako shi. Tsoho ne ɗan kusan tamanin, amma ya ƙi zama a gaba, a baya ya zauna rungume da shi har garinmu Swamimalai. Yatsa ɗaya ya tsage a hannun dama na ƙasa, hannun da ke ɗage yana ce wa mutum kada ya ji tsoro. Sun zare ran Ubangiji sun ajiye a tulun ruwa kafin su fito da jikin, kamar yadda ake yi. Gurukkal yana so in gama gyaran kafin bikin Tiruwadirai. Ya ce shekara dubu gare shi, in taɓa shi a hankali. Na kira shi yadda ake girmama limamai, na ce, "Sami, aikin kakannina ne, ba sai an gaya min ba." Bakina ke nan.
Ban kwance ƙyallen ba, muna zubin ƙarfe.

Talata, 4 ga Disamba
Na kwance ƙyallen. Ni na ƙera shi.

Laraba, 5 ga Disamba
Jiya hannuna ya ƙi rubutu.
Daga sama na fara dubawa, yadda Appa, mahaifina, ya koya min. Gashin da ya baje, ɗan kalangun da duniya ke fitowa daga sautinsa, wutar da za ta cinye ta a ɗaya hannun, ƙafar da aka ɗaga don masu neman mafaka. Har na fara yaba wa maƙerin. Sai na sauko kan wadan da ake takawa, wanda shi ne jahilci. Leɓensa na sama a tsage, kunne ɗaya a lanƙwashe. Fuskar Appa.
A 1987 ne, ina da shekara ashirin da huɗu. Wani mutumin Madras ya zo da hotuna huɗu, gaba, baya da gefe biyu, yana son irinsa sak, har da lalacewar tsufa. Appa ya kalli hotunan ya ce akwai baƙin fitila a jikin, wannan ana bauta masa ne, mai son tagwayensa ɓarawo ne. Ya kore shi. Na bi mutumin har bakin titi. A bayan gidan wani abokina na yi aikin, na binne shi wata shida cikin gishiri da kashin shanu har ya yi kore. Satin da na fara Appa ya mare ni gaban ma'aikata kan awo, shi ya sa na ba wadan fuskarsa. A lokacin dariya abin ya ba ni.
Na gaya wa kaina falon wani attajiri za shi. Ko a lokacin ban yarda da kaina ba.

Alhamis, 6 ga Disamba
Matata Kamalam ta ga na ture shinkafa sau biyu, ta zauna a gabana ta ƙi tashi. Na gaya mata duka. Shekara ashirin da takwas da aure, yau ta ji. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tambaya ɗaya ta yi: "To na ainihin yana ina?"
Ina na sani. Cikin gilashi a wata ƙasa, babu mai zuba masa madara.

Asabar, 8 ga Disamba
Na haɗa kakin zuma da ƙaro da man gyaɗa, na fitar da yatsan. Na tsaga ganyen kwakwa na auna jikin daga goshi zuwa diddige. Kashi tara cif, ko gashi bai kauce ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan: ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kafinsa ko bayansa.
Kuma ba a buɗe masa ido ba, yadda ake yi wa sabon gunki kafin a fara bauta masa. Ba allurar zinariya, ba madubi, ba karatu. Wa zai yi wa kayan sata? Shekara talatin da ɗaya mutanen ƙauyen nan suna kai kukansu gaban makahon ƙarfe.

Talata, 11 ga Disamba
A shagon shayi ake cewa jami'an da ke farautar gumakan sata na zagaya haikalai da na'urar gwada ƙarfe. Bayan biki za su tsallaka Kollidam. Na bar shayin.

Juma'a, 14 ga Disamba
Gurukkal ya zo ganin aiki. Ya zauna kan tabarma, ya ƙi kofi. Na nuna masa yatsan, ya ce ya yi kyau, bai ko duba ba. Na fara kame-kame kan tagulla da dalma, wai tsohon haɗi daban yake. Ya bar ni na gaji.
Sannan ya kira ni da laƙabinmu na maƙera, ya ce, "Achari, a idon sawun na ainihin akwai wani ɗan gurbi da yatsun iyayena suka cinye wajen wanka. Wata safiya na sa yatsana, babu gurbin. Tun ranar na sani."
Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce makullan haikalin biyu ne, nasa da na ƙanensa, kuma ƙanen ya bar gari a satin, bai dawo ba har mutuwarsa. Mahaifiyarsu na raye a lokacin. Ya yi shiru don ita, da ta rasu kuma shirun ya riga ya yi tsawo.
Na ce me ya kawo shi wurina, maƙera sun fi ɗari a garin nan. Ya ce bayan shekara ɗaya wani mutum ya zo haikalin, ya tsaya bai kalli fuskar Ubangiji ba, wadan kawai yake kallo, sai ya zauna a ƙasa, fuskarsa da ta wadan iri ɗaya. Gurukkal ya tambayi sunan mutumin da garinsu.
"Shekara talatin ina wanke wa mahaifinka fuska kowace safiya," in ji shi. "Na ce bari in ga ɗan kafin in mutu."
Bai nemi komai ba. Na raka shi mota. Ya ce idan jami'ai suka zo zai ce shi kaɗai ne, tsoho ba ya daɗewa a kurkuku.

Lahadi, 16 ga Disamba
Na buɗe akwatin Appa, karo na farko tun rasuwarsa. Ƙarƙashin littafin awo hotunan nan huɗu ne, waɗanda na ɗauka sun ɓace. A bayan ɗaya, da rubutunsa, sunan mutumin Madras da lambar motarsa da kwanan wata.
Shekara goma sha tara muka ƙara yi tare, kafaɗa da kafaɗa a bakin wuta. Bai taɓa furtawa ba. Bai kuma sake marina ba, sai yanzu na lura. Bai sake gyara min awo ba ma.
Kamalam ta ce da hotuna irin waɗannan ake gano na sata a ƙasashen waje a dawo da su. Na ce da su ne kuma ake ɗaure wanda ya ƙera. Na ce ta tuna sunan gidan nan, da bakuna goma sha ɗaya da ke ci a maƙerar. Ta ce ta tuna. Ta koma tsintar shinkafarta.

Asabar, 22 ga Disamba
Sun zo sun ɗauke shi. Yatsan ya zauna, ni kaina sai na lalubi wurin haɗin. Gurukkal ya ce in zo biki. Na ce aiki ya yi yawa.

Lahadi, 23 ga Disamba
Ban je ba. Na wuni ina goge abin da ba ya bukatar guga.

Alhamis, 27 ga Disamba
An gwada ƙarfen Nataraja, an gane jabu ne. An tafi da Gurukkal garin Kumbakonam jiya, sun zaunar da shi kan benci tun safe har yamma, ya ƙi shan ko ruwansu. Direban da ya kawo Nataraja ne ya gaya min. Ya ce mutanen ƙauye sun jefi gidan tsohon, wasu cikinsu shi ya raɗa musu suna. Ya ce an tambayi tsohon wa ya ƙera, ya ce bai sani ba.

Juma'a, 28 ga Disamba
Kaki ya kusa ƙarewa, zan shiga Kumbakonam in sayo. Motar ƙarfe tara. Hotunan suna aljihun rigata, don kada asu ya ci su a akwati, shi ke nan. Shagon kakin layi ɗaya yake da ofishin 'yan sanda, amma ai ba ni na gina garin ba.
Na nuna wa babban ma'aikacina inda makullan suke, da ranar da za a fasa lakar zubi a kan aikin da ke hucewa a ƙasa.
Kamalam ta miƙo min jaka. Na leƙa: riga biyu, tawul, tabarau, maganin hawan jinina na wata guda. Na ce kaki zan sayo fa. Ta ce, "Na sani, Maigida. Kar ka rasa motar."