Ƙarfen Cocin Tula

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau ma Iya ta ce in kai ta Tula. A can aka haife ta, Theresa ne sunanta kafin ta musulunta ta auri Baba ta dawo Tudun Wada. Ƙaninta Kawu Fredrick ya rasu tun watan Agusta, ban faɗa mata ba. Na ce wa kowa saboda hawan jininta ne. Gaskiya kunya na ji, kada maƙwabta su ce mun je jana'iza a coci.

Laraba, 9 ga Oktoba

Wata biyu ke nan kullum da safe sai ta ɗauki faranti da cokali, ta buga sau ɗaya, ta yi shiru, ta sake bugawa. Tsufa dai! Na ɓoye farantin a kan sif.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ta ƙi cin abinci. Gobe za mu tafi, duk abin da zai faru ya faru.

Asabar, 12 ga Oktoba

Da ƙyar motarmu ta hau dutsen Tula. Joda, ɗan Kawu, ya tarye mu. Na roƙe shi ya ce wa Iya babansa ya yi tafiya.

Ya zagaya da mu tsohon kurkukun Turawa da 'yar kasuwa, inda Iya ta yi cinikin gauta da yarensu kamar jiya ta bar garin. Ina ta jira ta tambayi ƙaninta, ba ta tambaya ba.

A bakin tsohuwar cocin dutse akwai guntun ƙarfen layin dogo rataye a bishiya, shi ne ƙararrawarsu tun zamanin mishan. Iya ta saki hannuna, ta ɗauki dutse. Ta buga ɗaya, ta yi shiru, ta sake. Irin na farantin sak. Sai ga mata suna fitowa daga kasuwa suna tambayar wa ya rasu.

Joda ya ce, "Yaya Jamilatu, haka ake buga wa mamaci a nan. Ita da babana ne ke bugawa suna yara."

Na kama hannun Iya muka koma mota.

A mota ta ce, "Ranar da aka kira ki a waya aka faɗa miki rasuwarsa, ina bayan labule. Na jira ki faɗa mini ne."

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na hana uwata binne ƙaninta saboda bakin mutane.

Talata, 15 ga Oktoba

Na sauko da farantin, na ajiye mata kusa da tabarma. Tana cikin bugawa maƙwabciyarmu Najeeba ta leƙo, wai lafiya?

Na ce mata kawuna ne ya rasu, sunansa Fredrick. Ta shigo ta yi wa Iya gaisuwa.