Karsanar Luciana

San Antonio de Belén,
9 ga Maris.

Zuwa ga ƙanwata Hortensia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma ƙafar nan taki ta bar ki kina zagaya gonar kofi.

Albishirinki! 'Yata Yorleny ta sauka lafiya ranar Talata, an sami mace, sunanta Luciana. Da suka miƙo mini ita sai na rasa inda zan sa kaina, ina dariya ina hawaye har ma'aikaciyar jinya ta kawo mini kujera. Hancin gidanmu ta kwaso, baiwar Allah.

Amma ban bar asibitin ba sai da mijin Yorleny, Dagoberto, ya ɓata mini rai. Kin san al'adarmu: kaka yakan ba jikan fari karsana ranar baftisma, ba a sayarwa sai yaro ya girma ya yanke da kansa. Ni ba ni da ko akuya a garin nan. Abin da na mallaka hannun jarin nan ne na kamfanin da na yi wa dakon kwalaye, mai ƙera 'yan mitsi-mitsin ƙwaƙwalwar kwamfuta da waya. Na ce shi ne karsanar Luciana. Ban rufe baki ba ya zaro waya ya duba farashi, idanunsa suka yi waje. Wai, "Baba, ashe a kan ƙwai kake kwance muke ba ka kuɗin bas!" Dubi rashin kunya, a gaban mai jego.

Ki zo baftisma, ki taho da cukun gida.

Yayanki,
Anselmo Vindas.

24 ga Maris.

Hortensia,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Saƙonki ya iso. Kin ce in yi haƙuri da yaron. Haƙuri kuma? Ni za a koya wa haƙuri?

Ki tuna yadda na tara abin nan. Kowane wata ana yanka kaɗan daga albashina a saya mini hannun jarin, lokacin ko takardar ban iya karantawa ba, sai bayan na shiga makarantar yamma na gane abin da na sa wa hannu. Da farko ya yi sama, muka ɗauka mun zama attajirai. Sai ya rikito, bai tsaya ba sai da ya koma ƙasa da rubu'in kuɗinsa, ya kwanta nan fiye da shekara goma kamar saniya mai ciwon ƙafa. Da aka rage ma'aikata aka sallame mu, abokan aikina duk suka sayar. A kantin unguwa in na shigo sai su ce, "Ga mai kamfani nan, a ba shi kofi bashi!" Na shanye. 'Yar ribar da ake turowa ban taɓa cin ta ba, mayar da ita nake ta sayi ƙari. Sai yanzu da tsufa ya zo abin ya miƙe ya ninka ya sake ninkawa.

Ran Lahadi Dagoberto ya zo har gida, ya cinye mini shinkafa da wake, sannan ya buɗe mini makaranta. Wai kamfani ɗaya ne, in ya mutu an mutu tare. A sayar a rarraba kuɗin wurare da yawa. Ba zan ɓoye miki ba, maganar da ƙamshin gaskiya. Na san waɗanda suka riƙe na wani kamfani tsawon nan, yau takarda kawai suke da ita. Har na fara saukowa, sai ya ƙara da cewa a cire kaɗan a sayi a-kori-kura, wai don kai Luciana asibiti. Jaririyar da ba ta kai nauyin kabewa ba, ita ce ke bukatar motar ɗaukar siminti? Na ce masa ya tashi tun ina ganinsa da mutunci.

Abin da ya fi ci mini rai, na je wurin dillaliyar da ke kula da hannun jarin, ta ce jaririya ba ta riƙe shi da kanta. In na sa sunanta yanzu, iyayenta ne masu sa hannu. Wato in ɗaure karsana in miƙa wa mahauci igiya.

Ban san abin yi ba. Ki sa ni a addu'a.

Anselmo.

15 ga Afrilu.

Ƙanwata,

Ina fata kun isa gida lafiya, hanya ba ta wahalar da ƙafar ba. Kin tafi da wuri, ba ki ga ƙarshen zancen ba.

Bayan an watse daga baftisma na kira Yorleny da mijinta na faɗa musu: abin na Luciana ne, amma yana nan da sunana har ta cika shekara sha takwas, ta karɓa da hannunta. In ta ga dama ta sayar, in ta ga dama ta riƙe. In ya faɗi kafin nan, ya faɗi. Karsana ma tana mutuwa. Dagoberto ya yi murmushi ya ce, "Baba, Allah ya ja kwana, amma sha takwas fa da nisa."

Hortensia, kin ji? Lissafin kwanana yake yi! Kuma da na huce na ga bai yi ƙarya ba. In na mutu gobe, gado zai kai abin hannun Yorleny, daga hannunta kuwa kin san inda zai zarce.

Saboda haka da safe na tafi asibitin unguwa, wanda rabona da shi tun sallamata daga aiki. Likita ta auna ni ta kama baki. Ta hana ni soyayyen nama, ta hana gishiri, ta hana ɗan abin da nake kurɓa ran Asabar, ta haɗa ni da ƙwayoyi da tafiyar ƙafa kullum. Na karɓa duka ban yi musu ba. Abincin ba daɗi, ina ci ina tsaki. Hanyar da na zaɓa ta tafiyar kuwa ta ƙofar gidansu take bi. In shiga in ɗauki jikata, in fito in ɗaga wa Dagoberto hannu ya ga ƙafata da ƙarfinta.

Kada ki ƙara aiko mini da cuku, an hana.

Yayanki mai ƙaunarki,
Anselmo Vindas.